Mahaifina da Sunayen Annabawa

Mahaifina malamin nahawu ne. A garinmu, kusa da Tsamaye, akwai malaman da suka fi shi yawan ɗalibai, akwai waɗanda suka fi shi daɗin murya wajen wa'azi, amma idan ana son a bi kalmar Larabci a gane dalilin wasalin da ke ƙarshenta, zaurenmu ake zuwa. Ɗalibansa manyan mutane ne masu iyali, wasu ma limamai ne a unguwanninsu. Da rani suke taruwa. Da damina kowa yana gona, har shi kansa, don gero da dawa yake nomawa kamar kowa, bai taɓa jingina cikinsa ga karatu ba.

A Alkalawa ya yi karatu yana saurayi, wajen wani tsoho da ya riƙe shi shekara tara. Daga can ya zo da littattafansa masu jar takarda, da kuma wata ɗabi'a da ban ga irinta ga malamai da yawa ba: idan bai san abu ba, sai ya ce bai sani ba, a gaban kowa.

Akwai wurin da yake faɗin haka kowace shekara. Idan karatu ya kai babin kalmomin da ba sa karɓar wasali biyu a ƙarshe, sai ya jero sunayen annabawa, Ibrahimu, Isma'ilu, Ishaƙu, Yaƙubu, ya ce waɗannan baƙi ne a cikin Larabci, daga harshen Bani Isra'ila suka shigo, shi ya sa Larabawa ba su ɗora musu nauyin da suke ɗora wa nasu ba. Kowace shekara kuma sai an sami mai tambaya.

"To Malam, mi suka nuhi can ga harshensu?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Na tambayi malamina, shi ma yac ce bai sani ba."

Daga nan sai ya juya shafi. Amma ni da nake gidan na san abin yana cinsa, don na sha ganinsa bayan an watse yana duba wancan littafi, ya ajiye, ya ɗauko wani.

A shekarar da nake ba da labari ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu. Na yi karatun Arabiyya a Sakkwato, na dawo da takardar shaida, ina koyarwa a firamaren garinmu. Gaskiya a lokacin ina ganin kaina. Ina girmama mahaifina, amma a raina ina ɗaukarsa malamin zaure, ni kuwa malamin zamani. Ma'anar waɗancan sunaye ni ma ban san ta ba, bambancinmu shi ne ni abin bai taɓa damuna ba.

Bayan an gama girbi, kututturen dawa ya soke shi a ƙwauri yana kewaya gona. Ya raina ciwon, aka sa masa garin magani irin na gida, har wurin ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda in kai shi ɗakin shan magani na gwamnati da ke bakin kasuwa. Aka ce sai an riƙa wanke gyambon kullum da safe. Sai ya zama kowace safiya ina ɗaukarsa a babur kafin in wuce makaranta.

Mai kula da wurin wani Kirista ne daga kudancin Zariya, dattijo mai furfura a gefen kai, gajere, mai yawan raha. Kowa Likita yake ce masa, ko da yake shi da kansa yakan ce bai kai nan ba. Shekararsa biyu a garin, mutane sun saba da shi, mata ma sun yarda da hannunsa wajen allurar yara. Da ya ga mahaifina sai ya ba shi kujerarsa a ciki, ya ce ba zai bar dattijo a layi ba. Mahaifina ya ƙi, ya ce a sallami waɗanda suka riga shi, shi zai zauna nan ciki ya jira. Saboda haka muna zaune muna ji Likita yana ɗaga kati yana kiran suna ta taga.

Rana ta huɗu ce, ina jin, ya kira Sama'ila, mutum biyu suka miƙe tare. Ya raba su da sunan uba. Can an jima ya sake kiran wani Sama'ila, jariri a bayan uwarsa. Sai ya yi dariya, ya waiwayo.

"Baba Malam, garin nan naku Allah yana jin addu'a ƙwarai. Tun safe Sama'ila uku ke nan."

Mahaifina ya ɗago kai. "Mi yah haɗa jin addu'a da Sama'ila?"

"Ai ma'anar sunan ke nan. Allah yana ji."

Na ga hannun mahaifina ya tsaya a kan tasbaharsa. Ya jira har aka sallami kowa. Da Likita ya durƙusa ya fara kwance bandejin, sai ya ce masa, "Ɗana, maganad da kay yi ɗazu, ina kas samo ta?"

Likita ya ba mu labarinsa yana aiki. Ya ce kafin ya shiga aikin asibiti ya yi shekara uku a makarantar da ake horar da fastoci, a can aka koya musu ɗan abin da ya samu na Ibraniyanci, harshen da aka rubuta tsofaffin littattafan Bani Isra'ila da shi. Ya ce bai yi nisa ba, yawanci ma ya manta, amma sunaye sun zauna masa. Sunan ɗan Hajara a bakinsu Yishma'el ne, kashi biyu. Yishma, yana ji. El, Allah.

Mahaifina ya maimaita a hankali. "Yishma. Yasma'u." Ya juyo gare ni. "Ka ji? Sami'a, yasma'u. Tushe guda na."

Ni ma na ji. Kalmar da yaro ɗan aji uku ya sani a Larabci ce, tana zaune cikin sunan da nake kira a rajista kullum, ban taɓa lura ba. Likita yana goge gyambon da maganin da ke sa manya su yi ƙara, mahaifina ko motsi bai yi ba. Sai tambaya yake.

"To Ishaƙu hwa?"

"Yana dariya. Don uwarsa ta yi dariya da aka ce za ta haihu da tsufa."

Mahaifina ya rufe ido. Ya karanto ayar da ke ba da labarin matar Annabi Ibrahim tana tsaye ta yi dariya, aka yi mata bushara da ɗa. Ya karanta ta sau biyu. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar da kansa yake, shekara hamsin yana wuce wannan aya, dariyar da sunan suna jere da juna, bai san abu guda ba ne.

Ranar na makara zuwa makaranta.

Daga nan wankin gyambo ya zama karatu. Kowace safiya mahaifina yakan zo da suna ɗaya ko biyu a ransa. Likita ya aika gida aka kawo masa wani tsohon littafin rubutu na zamanin makarantarsa, duk ya yi ja, yana dubawa idan ya manta. Mika'ilu, ya ce, tambaya ce: wa ya yi kama da Allah? Mahaifina ya ce babu, ya yi murmushi, ya ce ashe duk mai kiran wannan suna tauhidi yake yi bai sani ba. Jibrilu kuwa sun saɓa. Likita ya ce ƙarfin Allah ne. Mahaifina ya ce yana tuna ya ga magabata sun fassara shi da bawan Allah. Suka juya shi kwana biyu, a ƙarshe ya ce a rubuta duka biyun, kowanne da wanda ya faɗe shi. Ni ne marubucin, don ya ce in riƙa zuwa da takarda.

Wata safiya aka zo kan Zakariyya da Ilyasu. Likita ya ce kashin farko na Zakariyya tunawa ne, mahaifina ya ce a Larabci ma zakara ne, wato ya ambata, ya tuna, wannan a fili yake. Amma ƙarshen fa? Babu El a ciki.

Likita ya ajiye almakashi, ya zauna a benci. Ya ce Bani Isra'ila suna da wani suna na Ubangiji da suka fi girmamawa a kan kowanne, harafi huɗu ne. Saboda tsoronsa suka daina furta shi tun da daɗewa. Idan mai karatu ya iso wurin, sai ya ce Ubangijina, ya wuce. Har aka kai yau ba wanda zai rantse ga yadda ake furta shi da farko, sai dai ƙoƙarin masana. Sun ce tushensa daga kalmar kasancewa ne, wato Wanda yake, ba wanda ya samar da shi. Guntun sunan ne, Yah, ya saura a ƙarshen sunayen mutane. Zakariyya, Yah ya tuna. Ilyasu kuwa ya haɗa duka biyun: Allahna shi ne Yah.

"Hwaɗa mani haruffan," in ji mahaifina. "Kak ka haɗa su. Ɗaya-ɗaya."

Likita ya faɗa. Mahaifina ya karɓi biro daga hannuna, abin da bai saba riƙewa ba, ya rubuta su da baƙaƙen Larabci a rarrabe: ya, ha, wau, ha. Ya daɗe yana kallonsu. Na zaci zai gwada karantawa. Bai gwada ba.

"Mutanen da anka ba shi sun ji tsoron su kira shi," ya ce. "Ni ba ni ɗora harshena inda sunka janye nasu. Sunayen da Allah yas sanar da mu sun ishe mu kira. Amma wanga ma'ana, Wanda shike, ba baƙuwa ta ba garemu. Rayayye, Tsayayye da kainai. Ta yi kusa."

Ya ninke takardar da kansa, ya sa a aljihun gaba, ya ce kada ta kwana inda ƙafa za ta taka.

Likita ya ji daɗin abin har ya zarce. Ya ce shi wani abu ya daɗe yana ba shi mamaki a ƙasar nan: ana kiran Zakariyya da Ya'u. A tsohon harshen kuwa cikakken ƙarshen sunan Yahu ne. Ashe ke nan Hausawa sun riƙe sunan Ubangiji na asali ba su sani ba! Ni kam maganar ta burge ni, har na fara rubutawa.

"Tsaya," in ji mahaifina. "Wanga kam a'a."

Ya bayyana masa a natse. A Larabci sunan yana ƙarewa da hamza, idan ya zo a matsayin mai aiki sai a ce Zakariyya'u. Wannan u ɗin wasalin nahawu ne, yana iya komawa a, a ce Zakariyya'a. Yara a makarantar allo suna jin Zakariyya'u, sai suka yanke ƙarshen suka mai da shi suna. Kamar da suka yi da juna dacewa ce kawai.

"Yah ɗin da yar rage ciki, wannan naku na, na yarda. Amma u ɗin namu na, na san inda yah hito. Abu shi yi daɗi ga kunne bai sa shi zama gaskiya."

Likita ya cire hularsa ya ce, "Baba Malam, da kai ka koyar da mu a makarantar nan da ban gudu ba." Na soke abin da na rubuta. A kan hanyar komawa gida ina tuƙi ina jin nauyinsa a bayana, ina tunanin yadda ni mai takardar shaida na haɗiye maganar nan take, shi kuwa ya tsaya ya auna ta.

Gyambo ya warke cikin wata biyu, amma zuwa bai tsaya ba. Ranar da ba kasuwa, bayan la'asar, Likita yakan zo zaurenmu a kan kekensa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo fura. A nan magana ta fara tashi a gari.

Babban ɗalibin mahaifina shi ne limamin unguwar gabas. Ya girme ni da kusan shekara goma, shekararsa ashirin yana ɗaukar karatu a zaurenmu, mutum ne mai tsoron Allah, ba mai neman fitina ba. Sai muka ga ya daina zuwa. Bayan mako guda mutum huɗu suka bi shi. Na same shi a ƙofar gidansa na tambaye shi lafiya. Ya ce ba ya son ya yi wa Malam rashin kunya, shi ya sa ya janye. Amma zuciyarsa ba ta natsu ba a ce malamin da suke ɗaukar addini a bakinsa yana zaune gaban wanda ba Musulmi ba yana ɗaukar fassarar sunayen annabawa. Yau suna ne, gobe me? Kuma mutane suna cewa har wani sunan Allah na Yahudawa aka rubuta masa yana yawo da shi a aljihu.

Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Na ji tsoron a ɓata sunan gidanmu. Da na koma na ce wa mahaifina ko za a ɗan dakatar da zuwan Likita har ƙura ta lafa.

Ya dube ni. "Ƙarya yah hwaɗa muna?"

"A'a, Baba."

"To mi za ni ce mai? Kak ka zo, gaskiyarka ta yi muna yawa?"

Bai ƙara ba. Kwana uku yana cikin littattafansa. Rana ta huɗu, Juma'a, bayan an sauko, ya ce in ɗauko wani babban littafin tafsiri da ya zo da shi daga Alkalawa, in bi shi. Da sandarsa ya taka har unguwar gabas, bai yarda da babur ba. Malami ne ya tafi gidan ɗalibinsa, abin da ba a saba gani ba, don haka kafin mu isa mutane sun biyo mu. Liman ya fito da sauri ba ko takalmi, ya durƙusa, ya ce ai da an aiko ya zo.

"Kai ad da tambaya, ni ad da amsa, ni ya kamata in taka," in ji mahaifina.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin itacen bedin da ke ƙofar gidan. Mutum ya kai arba'in. Mahaifina ya buɗe littafin inda ya sa kara, ya miƙa wa Liman, ya ce ya karanta da ƙarfi, ya fassara wa jama'a da kansa. Liman ya karanta. Wurin yana magana ne a kan sunayen mala'iku, kuma a nan aka kawo daga magabata na farko cewa Ilu a harshen Ibraniyawa shi ne Allah. Liman ya kai ƙarshen layin, ya koma ya sake karantawa a ransa.

Mahaifina ya ce ya wuce wannan layi ba sau ɗaya ba, ya riƙe rabinsa ya manta rabi, bai taɓa kai shi ga Isma'ila ba sai da baƙon nan ya buɗe masa ido. Ya ce magabatan da suka rubuta wannan ba a mafarki suka gan shi ba, masu harshen suka tambaya. Kuma sun bar mana ma'auni: abin da ya dace da namu mu karɓa, abin da ya saɓa mu bari, abin da ba mu da labarinsa mu yi shiru a kansa. Ya ce da wannan ma'auni ya zauna da Likita, ya karɓi wasu, ya mayar masa da wasu. Ya fito da takardar daga aljihu, ya nuna haruffan nan huɗu, ya ce ga abin da ake magana a kai, bai kira Allah da shi ba, ba zai kuma koya wa kowa ya kira ba, ya adana ta ne don kada a wulaƙanta abin da wasu bayin Allah suka girmama tun zamanin Annabi Musa.

Sai ya dubi jama'a. "Wa ad da suna Sama'ila nan? Shi ɗaga hannu."

Aka yi dariya, hannu biyar suka tashi. Ya ce masu Jibrilu su ƙara, har da waɗanda ake ce wa Jibo. Masu Mika'ilu. Masu Ilyasu. Masu Zakariyya. Kafin ya gama kusan rabin wurin hannu ne a sama, har da wani tsohon makiyayi da ya tsaya kallo da sandarsa a kafaɗa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaya wa kowa abin da sunansa yake cewa. Wani manomi da na sani tun ina yaro, mutum mai taurin rai da ban taɓa ganin ya yi laushi ba, da aka ce masa sunansa Allah ya tuna, sai ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin riga.

Liman ya rufe littafin. Ya ce ya gamsu da hujja. Saura abu guda da ke damunsa. "Malam, mutumen ga za shi tahi garinsu shi ce ya karantar da kai."

"To ai ya karantar da ni," in ji mahaifina. "In yac ce haka bai yi ƙarya ba. Ni ma na karantar da shi. Shekara arba'in ina ce maku ban sani ba, ba ku guje ni ba. Yanzu da nis sani za ku gudu?"

Liman ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Shi ya ɗauki littafin ya rako mu har gida. Ina tafe a bayansu, tsoho da sanda yana ɗingishi kaɗan, mutane suna buɗa masa hanya. Ban taɓa jin girman kasancewa ɗansa kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin ƙanƙantar takardar shaidata kamar ranar ba. Washegari duka biyar ɗin suka dawo karatu. Daga baya Liman da kansa ya fi kowa yi wa Likita tambaya, har suna musu kamar tsofaffin abokai.

Mahaifiyata ba ta shiga zancen zaure. Amma duk abin da ake yi yana isa gare ta, don matata takan kwashe daga bakina ta kai mata. Wata rana da hantsi na shiga gaishe ta, na tarar mahaifina yana zaune a ƙofar ɗakinta yana shan kunu, tana tsinkar zogale. Sai ta ce in karanto mata takardar nan tawa. Na karanta mata tun daga farko. Ta saurara ba ta daina aikinta ba.

"Waɗanga duka mata sunka raɗa su," ta ce.

Mahaifina ya ce ina ta samo wannan.

"Allah ya ji. Allah ya tuna. Namiji ba ya hwaɗin haka ranar suna. Wadda tad daɗe tana kuka ita ka hwaɗin haka." Ta zuba ganyen a ƙwarya. "Ku malamai kun tahi har Sham bidar abin da ke cikin gidanku. Macen da ɗiyanta ka mutuwa, in ta samu wata, mi taka ce mata? Barmani. Da wa taka magana? Wadda tac ce ma ɗanta Na-Allah, ko Kyauta, kyautar wa? Ni da nib binne ukku kahin wanga shi tsaya," ta nuna ni da haɓa, "ba sai an zo daga Zariya an hwaɗa mani ba."

Mahaifina ya ajiye ludayi. Ya tambayi Likita a zuwansa na gaba, Likita ya ce ba duka ba, amma da yawa a littafinsu uwa ce take raɗa sunan, kuma takan faɗi dalilinta, yawanci bayan dogon jira ko baƙin ciki.

Da rani ya zagayo, karatu ya sake kaiwa babin nan, zauren ya cika har waje, don labari ya kai ƙauyuka, akwai ma waɗanda suka zo daga wajen Tozai. Mahaifina ya jero sunayen, ya faɗi ma'anar waɗanda ya tabbatar, ya ce ga waɗanda aka saɓa a kansu, ga waɗanda har yanzu bai sani ba. Kowace magana ya faɗi inda ya samo ta, wannan daga littafi, wannan daga Likita. Sannan ya kawo zancen Barmani da Na-Allah, ya ce mutanen da can da matan ƙasar nan hanya guda suka bi wajen kiran Ubangiji a kan 'ya'yansu.

Wani daga cikin baƙin ya ce, "Malam, wagga kuma wane littahi?"

A ƙasarmu dattijo ba ya ambaton matarsa a cikin taro. Mahaifina ya gyara rawaninsa.

"Wagga daga cikin gida nij ji ta," ya ce. "Ku rubuta hakanan."

Suka rubuta. Shekara biyu bayan haka aka yi wa Likita canjin wurin aiki zuwa wajen garin Isa, mahaifina ya sa aka ɗora masa dami uku na gero a motar da ta kwashe kayansa. Sun ci gaba da aika wa juna gaisuwa da tambayoyi ta hannun direbobin kasuwa har mahaifina ya rasu. Ɗalibansa sun bazu yanzu, wasu rashin zaman lafiyar shekarun nan ya kai su Sabon Birni, wasu har Maraɗi. Na taɓa cin karo da littafin ɗayansu, wanda ban ma san shi sosai ba, na buɗe babin. A gefen shafi, da ƙaramin rubutun ajami, an sa: daga Malam, daga iyalinsa.